Kafin ka sauya aksul ɗin motar rimot

Masu manyan motocin rimot, ku duba nan kafin ku kashe kuɗi. Idan mota na kuka amma taya ɗaya ba ta juyawa, galibi mazaunin tayar ne, wato ɗan abin nan mai kusurwa shida, ya cinye. Na roba sau da yawa ba ya jure ƙarfin batirin 3S (mai sel uku a jere) zuwa sama. Cire tayar ka leƙa: za ka ga kusurwoyin sun mulmule, da garin roba baƙi a ciki.

Ka auna tukuna. Akwai mai milimita 12, 14, 17, har 24 irin na babbar motar rimot X-Maxx, kuma dole ya dace da ramin tayarka. Sa na alminiyam, ka tabbata fil ɗin aksul ya zauna daram, ka ɗiga shuɗin gam na zare, mai hana sukuru kwancewa, a ƙaramin sukurun da ke riƙe mazaunin. Jan gam kam kar ka taɓa, sai da wuta yake kwancewa.

Aksul na ƙarfe yana da kyau, amma fa ƙarfin da da yake karya roba yanzu haƙoran giya zai tafi. Shi ya sa na fi son a sauya boris a lokaci guda, a sake giris, sannan a rage matse maƙura yayin da mota ke dirowa daga tsalle.