Jan ɗigon nan da kuke bari a cikin kwali

Daren Juma'ar da ta wuce na je gidan ƙanwata kai mata saƙo, bayan isha'i ne, an ɗauke wuta unguwar ta yi tsit sai ƙarar janareto ɗaya can nesa, ina shiga tsakar gida sai ga ɗanta na fari ya kafa sabon teleskof kusa da rijiya, irin madubin hangen taurarin nan mai ƙafa uku, yana ta wulwula shi sama da ƙasa kamar mai neman sabis a ƙauye. Waya a hannun hagu fitilarta a kunne, wai bidiyo yake ɗauka zai sa a sitatus. Na ce kai ɗan nan me kake nema? Ya ce Kawu, tauraron Mushtari (Jupiter) nake nema, ga shi can ina ganinsa da idona amma in na leƙa ciki baƙi ƙirin, ina jin dai jabu suka sayar min. Na duba kwalin da ke gefe, ga 'yar na'urar saitin nan mai jan ɗigo, wadda ake ɗaurawa a saman teleskof don nemo tauraro, kwance a ledarta ko ɓare ta bai yi ba. Na ce wannan fa? Ya ce ai tarkace ne Kawu, irin lezar wasan yara ce.

Sai da na jawo kujera na zauna wallahi. Maganar da na yi da bakina ce shekarun baya, ko wasali bai canza ba.

Ni na sayi nawa ne bayan husufin watan ranar 27 ga Yulin 2018, wanda ya fi kowanne tsawo a wannan ƙarnin, awa ɗaya da minti 43 wata ya yi jajir kamar garwashi ga tauraron Mirrihi (Mars) a gefensa shi ma ja, ana ta sallar husufi a masallatai yara na buga gwangwani a lungu, ni kuwa ina tsaye a ƙofar gida na ce kai duk yadda za a yi sai na mallaki abin da zan ga wannan da kyau. Na tara kuɗi na sa aka kawo min mai faɗin baki milimita 70, tsawon hangensa milimita 700, kuma abin da ya ja ni ba komai ba ne illa rubutun da ke jikin kwalin, wai yana ƙara girman abu sau 525, ga hoton tauraron Zuhal (Saturn) da zobensa ɓaro-ɓaro kamar faifai. To a nan fa ba zan ɗauki laifin ni kaɗai ba, wanda ya buga wannan lambar a kwali shi ma Allah na ganinsa. Lissafin dai gaskiya ne a takarda: in ka raba 700 da lambar da ke jikin gilashin idon da ka sa, shi ne girman da za ka samu, mai lamba 20 ya ba ka sau 35, mai lamba 4 ya ba ka sau 175, ka ƙara wani bututu da ake ce wa Barlow mai ninka uku ka samu 525 ɗin. Abin da ba su rubuta ba shi ne madubi mai baki 70 ƙarfinsa na gaske bai wuce wajen sau 140 ba, duk abin da ya haura nan hazo ne kawai kake ƙara wa girma.

Ni ina na san wannan? Daren farko na ɗora mai lamba 4 a kan Barlow, don a tunanina wa zai sayi mota ya tsaya a giya ɗaya. Jan ɗigon kuwa na ɗaura shi a saman bututun na murɗa makunnin shiru, na ce ya mutu tun daga kanti, ashe wata 'yar leda ce suka sa a ƙarƙashin batirin don kada ya sha a hanya, sai an zare ta. Sati biyu na yi kafin na lura da ita. Da na zare ya kawo, sai na ga ɗigo ja yana shawagi a ɗan gilashin, na yi murna, na ɗora shi a kan wani tauraro mai haske na leƙa teleskof, babu komai. Na sake, babu komai. Nan na yanke hukunci abin banza ne, na kwance shi na jefa a durowa, ko kashe shi ban yi ba.

Ku fahimci abin da ya faru fa, don nan ne gaba ɗaya matsalar take. Wannan ɗigon ba leza ba ce, ba ya harba haske sama, ba kuma ya ƙara girman komai. Wata 'yar fitila ce ƙarama ke haska ɗan gilashi, kai kaɗai da ke bayansa kake ganin ɗigon kamar an manna shi a jikin sama. Kuma bai san komai ba, bai san inda teleskof ɗinka ke kallo ba sai ka koya masa, shi ya sa yake da 'yan noti biyu, ɗaya na kai ɗigon dama da hagu ɗaya na kai shi sama da ƙasa. Ni na zaci daga masana'anta an gama wannan aikin. Takardar bayanin kuwa rubutu ne ƙanana kamar ƙwan kifi, na karanta layi biyu na ajiye, kuma a duk unguwarmu babu wanda zan tambaya, wanda ma na nuna wa cewa ya yi in yi hankali kada 'yan sintiri su ɗauka roka ce. Ba wai ina wanke kaina ba ne, amma ku da kuke da bidiyon koyarwa dubu a aljihunku ba ku da uzurin da nake da shi. Ko da yake in za a bi gaskiya nima a 2018 ina da waya da data, girman kai ne ya hana ni dubawa.

Shekara biyu da wani abu na yi a haka. Wata kaɗai nake iya kamawa, shi ma don haskensa na cika bututun ne in na matso kusa sai in bi hasken. Sauran kuwa allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Ka tuna wata gaba ɗayansa faɗinsa a sama rabin digiri ne, da gilashi mai lamba 20 kana ganin fili da zai ɗauki wata biyu ko fiye a jere, amma da abin da ni nake sawa filin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na faɗin watan ba, kamar ka leƙa ta cikin tsinken shan lemo kana neman tsuntsu a sama. Ga duniya kuma ba tsayawa take ba, digiri 15 take juyawa a awa, ko da sa'a ta sa abu ya faɗo ciki kafin rabin minti ya fice, kafin ka ce wa wani zo ka gani ya tafi. Na zagi mai kanti, na zagi ƙurar hunturu, na zagi ƙafafun teleskof ɗin (su kam sun cancanta, rawa suke kamar mazari), kowa na zaga ban da ni.

Ranar da na fi jin kunya ita ce Litinin 21 ga Disamban 2020. Ranar ce Mushtari da Zuhal suka matso juna a sama har tazararsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, rabon da su matso haka tun 1623, kuma ba za a sake ba sai 2080, wato dai ni da shi sai a lahira. Duk su biyun za su shiga gilashi ɗaya a lokaci ɗaya. Na cika baki sati guda, na gayyato maƙwabta har da surukina, aka shimfiɗa tabarma a saman bene aka dafa shayi. Ana idar da magariba ga su can yamma ƙasa-ƙasa kowa na ganinsu da ido, ni da na ce zan nuna zobe ina ta lalube. Da gumi ya fara karyo min cikin wannan sanyin sai na tuna da jan ɗigo, na sauka a guje na zaro shi daga durowa na ɗaura, batir ya daɗe da mutuwa tunda a kunne na bar shi tun 2018. Ko da yana da rai ma me zai yi min, ban taɓa saita shi ba. Ina ji ina gani suka gangara cikin hazo suka ɓace. Surukina bai ce komai ba, ya dai shanye shayinsa ya ce to Allah ya kai mu wata shekarar. Har yau in ya ce min yaya taurari sai in ji kamar in nutse.

Wanda ya warware min ba masanin taurari ba ne, wani dattijo ne tsohon soja a layinmu da ya halarci abin kunyar. Bayan kwana biyu ya same ni a ƙofar gida ya ce Malam wannan abin naka ka yi masa saiti kuwa? Na ce wane saiti Baba? Ya yi dariya ya ce ko bindiga sabuwa fil sai an kai ta fili an daidaita ta kafin a yarda da ita. Na je wajen mai gyaran agogo na sayo batir, irin mai kama da kwabo ɗin nan CR2032 da ake sa wa a rimot ɗin mota, da la'asar muka hau bene, ya ce in sa gilashin da ya fi kowanne rauni, mai lamba 20 ɗin da na raina. Muka zaɓi kan wani ƙarfen sabis can nesa, na neme shi a teleskof har ya zauna a tsakiya cif, na ɗaure notin ƙafa. Ya ce to kar ka ƙara taɓa bututun. Na leƙa jan ɗigo, ashe yana can gefe kan wata bishiya, tazarar da ta fi faɗin yatsu uku in ka miƙa hannu. Na murɗa noti biyun nan har ɗigon ya hau kan ƙarfen. Minti biyar. Abin da ya ci min shekara biyu da mutunci a gaban suruki kenan. A daren na ɗora ɗigon a kan Kaza da 'ya'yanta na leƙa, ga su nan sun cika gilashi fal, waɗanda ido ke ganin shida ko bakwai ashe gomomi ne. Zoben Zuhal kuwa sai da na jira daminar 2021, cikin Agusta, wani dare da ruwa ya wanke sama tas.

Na zauna ne da niyyar rubuta muku shawarwari goma, har na fara jerawa, amma na san ku, ba za ku wuce ta uku ba za ku koma TikTok. To ga abin da ya rage.

Ka saita shi da rana. Abu mai nisa, rabin kilomita ko fiye, hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis ko tankin ruwa, ban da katangar maƙwabci don in abu na kusa ne saitin ƙarya zai ba ka. Teleskof ne farko, ɗigo daga baya, ɗigon ake kai wa wajen abin ba bututun ake turawa ba, wannan shi ne inda kowa ke juya abin. In ka gama da mai lamba 20 ka sa wanda ya fi shi ƙarfi ka ƙara gyarawa. Kuma idonka biyu a buɗe in kana duba ɗigon, ka rage haskensa da dare har ya zama da ƙyar kake ganinsa, in ba haka ba shi zai rufe tauraron da kake nema. Duk ranar da aka buge shi ko aka kwance shi, sai an sake.

Rana kuma, ita kanta ranar, kar ka kuskura bakin teleskof ya kalle ta ko na ƙiftawar ido, ba ta ɗigo ba ba ta gilashi ba, makanta ce da ba ta da magani. Ina faɗin wannan ne musamman saboda masu zumuɗin neman jinjirin watan azumi da na sallah, ka bari ta faɗi tukuna.

Kar ka sayi komai ƙari, abin da ke kwalin ya ishe ka shekara guda. To amma ka sayi batir biyu ka ajiye, kuma Barlow ɗin nan da mai lamba 4 ka ba su hutu, in da hali ma ka nemi gilashi mai lamba 10 mai kyau, eh na san yanzu na ce kar a sayi komai. Wayar nan kuma don Allah ka sa ta a aljihu, ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kai kuma duk minti biyu sai ka haske fuskarka ka duba wa ya kalli sitatus, sannan ka ce sama babu komai. In taswirar taurari kake so manhajar Stellarium na da jan haske na dare, ka duba sau ɗaya ka kashe. Ni ban gane muku ba wallahi, abu bai shiga idonku ba kuna so ya shiga waya.

Shi ɗan ƙanwar tawa dai ban jira gari ya waye ba, duk da wa'azin saiti da rana da na gama yi masa, na karɓi abin na zare 'yar ledar batir na saita shi a kan jar fitilar ƙarfen sabis ɗin bayan gidansu, da ƙyar, don ɗigo ja fitila ja sai da na riƙa kashewa ina kunnawa kafin in gane wanne ne wanne. Na sa masa gilashi mai rauni na ce ɗora ɗigon a kan Mushtari da kanka. Ya ɗora ya leƙa, ya yi shiru, can ya ce Kawu akwai wasu 'yan ƙanana huɗu a jere kusa da shi. Na ce watanninsa ne, su ne masanin taurari Galileo ya gani a 1610 da madubin da bai kai naka ba. Bai ko ɗago ba ya ce Kawu riƙe min wayar in ɗauka. Na ce ba zan riƙe ba, na yi wa uwarsa sallama na fito.

Sai da na kai titi na tuna ni ne na kunna ɗigon ƙarshe kuma ban kashe ba, ban kuma faɗa masa ana kashewa ba. Na kira shi sau uku bai ɗauka ba.