Daga Yamai zuwa Kwatano, da taswirar masu jirgin ruwa

Lokacin ba a rufe gadar Malanbil ba, na raka kawuna Kwatano zai fito da mota daga tashar jiragen ruwa. Mun bar Yamai da asuba, Doso, Gaya, muka haye kogin Kwara, sai Kandi da Paraku, tafiyar ta haura kilomita 1000 kuma gaskiya ƙafafu sun kumbura.

Takardun duwan suka ɗau lokaci, to zaman jira ya kai ni shagon wani dattijo a Zango, mutumin Tawa ne, ya shekara da shekaru yana aiki cikin jirgin dakon kaya. Da ya ga ina ta tambayar teku sai ya janyo wata doguwar takarda a naɗe ya shimfiɗa bisa tabarma, ya danne gefunan da kofin shayi da takalmi.

Ƙasa an shafe ta da rawaya kusan babu komai a kai, duk rubutun yana cikin ruwa, ƙananan lambobi birjik, kowace tana faɗin zurfin wurin da mita, shuɗi inda ba zurfi, fari inda zurfi yake, ga alamar fitilun gaɓa ga ta jiragen da suka nutse. Na ce Baba wannan ai irin taswirar lakwal ɗinmu ce mai kumbura Turai. Ya ce ita ce ɗana, zanen wani Bature mai suna Mercator, tun 1569 aka yi shi, kuma don matuƙa aka yi.

Ga yadda ya bayyana mani. Duniya dunƙulalliya ce, ba ka baje ƙwarya ta kwanta ba ta tsage ba, dole wani abu ya ɓaci. Mercator ya zaɓi ya tsare kusurwa ya saki girma, shi ya sa in ka ja miƙaƙƙen layi daga wannan tasha zuwa waccan, ka auna digirinsa, ka riƙe kamfas a kan digirin nan, za ka isa. Kuɗin da aka biya shi ne duk abin da ya yi nisa da tsakiyar duniya yana buɗewa, har Girinlan, wani tsibiri can arewacin duniya, ta yi kamar Afirka alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Don haka ma nisa a gefen takardar ake aunawa daidai inda jirgi yake, minti ɗaya na latitud, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri in an yi kudu ko arewa, mil ɗaya ne na teku, mita 1852.

Amma layin nan ba shi ne mafi kusa ba. In za a ratsa babban teku akwai wata taswirar da suke ce ma nomonik, a kanta ne gajeriyar hanya ke fitowa miƙe, sai a kwashe ta gaɓa-gaɓa a mayar bisa Mercator inda take zama lanƙwasa. Yanzu duk yana cikin kwamfutar jirgi, amma ya ce matuƙin da bai iya fensir da takarda ba shi bai yarda da shi ba.

Ni abin da ke damuna, kayan aikin matuƙa ne aka rataya mana a aji muka tashi muna ganin nahiyarmu ƙarama. A 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan a canza taswirar a makarantu, kuma ina tare da su ɗari bisa ɗari. A jirgi kuwa a bar ta.

Motar ta fito ranar Alhamis, muka kamo hanyar Paraku tun kafin la'asar.