Gwajin tsohon memorin Kawu

Yau Alhamis da sassafe Kawu ya aiko mini da memorin wayarsa a naɗe cikin takarda, ya ce in duba masa ko yana da sauran amfani, domin tun kafin azumi wayar take yi masa gardama idan ya zo sauraron karatu. A cikinsa akwai tafsirin da ya daɗe yana tarawa da hotunan auren 'yarsa, saboda haka ban ɗauki aikin da wasa ba.

Da yake yau kasuwar Maigatari take ci, na bi motar 'yan kasuwa zuwa shagon wani abokina mai tura karatu da finafinai, wanda yake da kwamfuta da sola. Ƙarafunan nan masu ruwan zinare da ke bayan katin duk sun dushe da ƙura da gumi, sai da muka goge su a hankali da abin goge fensir kafin kwamfutar ta gane shi. Ban yarda a taɓa komai ba sai da muka kwafe abin da ke ciki, domin kati mai rauni yana iya mutuwa a tsakiyar gwaji. Karatun ya fita lafiya, amma wasu hotuna rabinsu kawai ya buɗe, ƙasansu ya zama launin toka.

Abokina ya ce tunda sunayen fayiloli suna fitowa ai katin lafiyarsa ƙalau, a yi masa fomat kawai. A nan muka saɓa. Ƙwayoyin da ke riƙe bayani a cikin memori suna da iyakar yawan rubutu da gogewar da za su iya ɗauka, kuma idan sun gaji, fomat ba ya dawo musu da ƙarfi. Hanyar da na amince da ita ita ce a cika katin maƙil, sannan a karanto abin da aka zuba a gwada shi da na asali, wanda shi ne aikin wata ƙaramar manhaja ta kyauta da ake kira H2testw. Muka share duk abin da ke cikin katin, muka saki manhajar a kansa, muka tafi sallar azahar. Da muka dawo, rubutun yana jan ƙafa, a ƙarshe kuma ta nuna jan sakamako, alamar cewa wani ɓangare na abin da aka zuba ya dawo a gurɓace.

Na sayi sabo mai 16GB, shi ma sai da na gwada shi kafin in biya, saboda akwai jabu da suke nuna 64GB alhali cikinsu bai wuce 8GB ba.

Bayan magariba na kai wa Kawu, na ce, "Kawu, tsohon ya gama aiki, kada a sake ajiye komai a cikinsa." Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana," sannan ya umarce ni da in nemi hotunan da suka lalace a wayar ango gobe.