Abin da ke daskarar da allon reshenmu na Kumo bayan azahar

Kamfanin da nake kula wa da kwamfutoci a Gombe taki da irin shuka yake sayarwa, kuma lissafin kaya da bashin diloli duk suna cikin sabar IBM guda ɗaya a babban ofis. Tsofaffin ma'aikata har yau AS/400 suke ce mata, sunan da irinta ta fito da shi a 1988, ko da yake tun 2008 IBM i ake kiran manhajarta. Rassanmu na Kumo da Bajoga ta intanet suke shiga, da baƙin allon nan mai koren rubutu, wato 5250.

Kumo ne suka dame mu da kuka. Allo ya daskare, kowane maɓalli aka danna shiru, sai an rufe an sake shiga. An shiga ɗin kuma, sabar ta ce rasit ɗin da ake cikewa yana hannun wani. Manaja ya ce na'ura ta tsufa. Masu ba mu intanet suka ce nasu lafiya lau, ga ping yana dawowa. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai ping, ɗan saƙon gwajin hanya, iyakarsa ya shaida hanya a buɗe take a wannan daƙiƙar.

Na duba saƙonnin QSYSOPR, inda sabar ke ajiye sanarwarta ga mai kula da ita, babu komai. Umarnin WRKCFGSTS ya nuna layin Ethernet na sabar na aiki, kuma ai ta kansa Bajoga ke shigowa ba su taɓa kuka ba. A NETSTAT, mai jera haɗin da ke shigowa sabar, na ga abin mamaki: haɗin Kumo da yawa a tashar 23, ƙofar da allon 5250 ke shigowa ta ita, sabar na ɗaukarsu rayayyu, alhali an daɗe ko harafi bai wuce ta cikinsu ba. Sai na kira mai karɓar kuɗi ta reshen.

"Hajiya, da wane lokaci ya fi yi muku haka?"

"Wallahi Malam, in mun dawo daga sallar azahar ne. Ko in kasuwa ta yi sanyi mun ɗan zauna."

Kafin a kira salla na kunna STRCMNTRC, umarnin da ke naɗar duk abin da ke wucewa, a kan layin, na taƙaita shi ga adireshin Kumo kaɗai. Wannan taƙaitawar wajibi ce, don in ka bar shi yana kwasar komai ma'ajinsa zai cika, sabo ya danne tsoho, abin da kake nema ya tafi. Kuma sai mai izini na musamman, irin *SERVICE, zai iya kunna shi. Da Hajiya ta bugo cewa ya daskare, na tsayar da ENDCMNTRC, na fitar da shi da DMPCMNTRC zuwa fayil, na buɗe a Wireshark, manhajar karanta irin wannan naɗi.

Ga haɗin nan ana ta musayar saƙo har aka fita salla, sai tsit. Maɓallan da ta yi ta dannawa bayan ta dawo, ko ɗaya bai iso ba. Babu FIN, babu RST, saƙonnin rufe haɗi, wato ba wanda ya yi wa sabar sallama. Can sai ga sabon SYN, saƙon buɗe haɗi, daga adireshin, ta sake shiga ke nan, tsohon aikinta kuwa na nan zaune a QINTER, inda ayyukan masu allo ke gudana a sabar, riƙe da rasit.

Ashe rauta ɗin reshen ce, na'urar da ke haɗa su da intanet. Tana da jadawalin haɗin da ke wucewa ta cikinta, duk wanda ya yi shiru na 'yan mintuna sai ta soke shi, kamar mai gadin da ya goge sunanka a rajista don bai ga ka motsa ba. Akwai ɗan saƙon "kana nan?" da TCP, tsarin da haɗin ke tafiya a kai, ke aikawa a haɗin da ya yi shiru, amma a ƙa'idarsa ta asali sai bayan awa 2, ita kuwa ba ta jira haka.

Na ƙara wa rautar lokacin jira, sannan a sabar, da umarnin CHGTELNA, na rage tazarar saƙon tambayar ta koma ƙasa da nata. Ayyukan da suka maƙale na kashe su da ENDJOB.

Wani abu kuma da ban fita nema ba: da na karanta bayanan da EBCDIC, tsarin haruffan da wannan sabar ke amfani da shi, sai ga sunayen diloli da bashinsu ɓaro-ɓaro, domin tashar 23 ba ta ɓoye komai. Na goge abin da na naɗa da DLTCMNTRC, na share fayil ɗin, na rubuta wa manaja a mayar da rassan biyu tashar 992 mai TLS, wadda ke ɓoye bayanai, kafin hada-hadar takin damina ta kankama.