"Ba ta yi ba"

Watan jiya na tattara litattafan waƙoƙina na bar sitidiyon da na daɗe ina yi wa yaranta a Zoo Road, Kano. 'Yan harka sun san wurin, ba sai na kama suna ba. Ƙanne suna yawan turo mini waƙa ta WhatsApp wai in faɗa musu gaskiya, shi ya sa na ga gara in rubuta inda ni na sami gaskiyar nan da inda na rasa ta.

A cikin sitidiyo dai da wuya ka same ta. Wanda ya zo da kuɗinsa, ko da kwamfuta ce ta ɗauke masa rabin muryar, abin da zai ji shi ne, "Kai, wannan ta ba da wuta!" Mai kiɗa yana so ka dawo gobe, yabon yana cikin kuɗin da ka biya. Mu kuwa yaran gida da ba ma biyan ko sisi, hukuncinmu ɗaya ne. Maigida zai saurari baitin farko yana latsa waya, ya ɗago kai ya ce, "Ba ta yi ba." In ka ce, "Yallaɓai, ina ne bai yi ba?" sai ya ce kunne ake kawowa wannan sana'a, ba tambaya ba.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin horo. Har na ji daɗi cewa ni aƙalla ba a yaudarata da yabo. Akwai wata waƙar soyayya da na sha wahalar amshinta, na rera masa ita da baki, babu kiɗa, daga ni sai shi. Ya ce ba ta yi ba, kari ne irin na da, yaran yanzu ba za su yi rawa da shi ba. Na ninke takardar na ajiye. Bayan sallah aka gayyace ni kamun wata 'yar'uwa, ina tsaye a bakin ƙofa sai ga amshina yana tashi daga lasifika, da muryar mawaƙin da Maigida ya fi ji da shi. Kari nawa ne, amsa-amon nawa ne, sunan amarya da na ango kawai aka cusa. Mata suna ta liƙi. Da na yi masa magana washegari, ko kunya bai ji ba, ya ce duk abin da aka rera a ƙarƙashin rufinsa na gida ne, kuma ai shi ya gyara ta. Ban ga gyaran ba har yau.

Tun daga nan na daina karɓar sukar da ba ta nuna wuri da yatsa. Mai faɗa maka gaskiya zai ce ɗango, wato layi, na uku ne ya karye, ko amshin ya yi nisa da baiti. Wanda ya yanke wa waƙa gaba ɗaya hukunci da kalma huɗu, ko bai saurara ba, ko kuma ya saurara da kyau yana da wata manufa.

Gyaran da ya amfane ni daga bakin wata 'yar amshi ya fito. Ta ce, "Ƙanena, layin nan ya fi numfashina tsawo, kuma ka tanƙwara kalmar ƙarshe don ta hau kiɗa, har ba a gane me kake cewa." Ita ce za ta rera, dole ta faɗa. Sai wani tsohon malamin Hausa, mai rubutacciyar waƙa, da ya zaunar da ni muka ƙirga gaɓoɓi, dogo da gajere, ya nuna mini inda na jera amsa-amo babu ma'ana a bayansa. Bai taɓa cewa waƙata ta yi daɗi ba, amma bai taɓa mayar mini da takarda babu jan biro ba.

Sauran a taƙaice. Uwa da budurwa ba alƙalan waƙa ba ne. Hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tarbiyya take dubawa, wucewa a wurinta ba shaidar kyau ba ce. Masu tura waƙa a waya a kasuwar waya ta Farm Centre sun fi 'yan sharhin TikTok sanin abin da mutane ke dawowa nema. Ka saka waƙarka cikin wasu a adaidaita sahu ba tare da ka ce taka ce ba, ka ga ko direba zai tsallake ta. Kuma kafin ka rera wa kowa, ko ubangidanka ne, ka naɗe ta a waya ka tura wa kanka. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana kare abin da aka rubuta ko aka naɗa, ba abin da ya tsaya a baki ba.

Na ji labari Maigida yana cigiyar wanda zai rubuta masa waƙoƙin bikin bayan azumi. Allah ya ba shi.