Ni ce ta tagar kati

Duk wanda ya tambaye ni inda nake aiki na ce asibiti, sai ya gyara zama ya fara ba ni labarin ciwon bayansa, da na ce ai ɗakin kati nake sai murnar ta koma ciki, "au ashe ba nas ba ce". Shekarata shida a wannan tagar, a wata kilinik mai zaman kanta a Kano, har na saba.

Mutane gani suke aikinmu ka karɓi kuɗi ka yanka kati shi ke nan. Wallahi karatu ake yi masa. Kwas ɗin sunansa Health Information Management, ND shekara biyu, HND wasu biyun, akwai makarantarsa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a ABUTH Zariya, kuma akwai hukumar da ke mana rajista, HRORBN, tun 1989 aka kafa ta. A can ake koya maka ICD-10, wato kowace cuta da lambarta, zazzabin cizon sauro daban hawan jini daban, sai ka karanta rubutun likita (wanda shi kansa wani ilimi ne, Allah ya ba mu haƙuri) ka mayar da shi lamba.

Amma abin da makaranta ba ta koya min ba shi ne suna. Ku zo ku ga yawan Aisha Muhammad da ke cikin kantarmu. Wata ranar Litinin layi har bakin get, wata tsohuwa ta zo ba kati, wai jikanta ya yi wasa da shi. Na ce Inna ya sunanki, ta faɗa, na ce shekarunki nawa, ta ce "'yar nan wa ya ƙirga", unguwa ma sai ta ce bayan masallaci. Na ciro fayil mai sunanta na tura wajen likita ina sauri, minti goma sai ga shi da kansa ya fito, ya ce Malama wannan fayil ɗin na mai ciki ne wata bakwai. Inna kuwa ta haura saba'in. Mutane suka kwashe da dariya, ni ban yi ba, don da sunan ya zo daidai da na wata tsohuwar irinta babu wanda zai lura, kuma a fayil ɗinta na gaskiya da na nemo daga baya an rubuta da jan biro cewa akwai maganin da jikinta ba ya ɗauka. Tun ranar ba na ciro fayil sai na haɗa da sunan miji ko na uba da lambar waya, ko mutum zai yi tsaki ya yi.

Yanzu kuma ga inshora. Tunda NHIS, wato inshorar lafiya ta tarayya, ta koma NHIA a 2022, ga masu KSCHMA, wato ta jihar Kano, rabin yinina kan kwamfuta yake, duba ko sunan mutum na cikin lis, kiran HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorarsa, a nemi kod na amincewa kafin a yi masa hoto, netwok ya ɗauke, shi kuma yana tsaye yana ganin ni ce na hana. Ƙarshen wata a haɗa rahoto na DHIS2, manhajar da ake tura wa gwamnati alƙaluman lafiya. Albashin fa a firaibet ba wani abin kirki ba ne, na gwamnati ya fi, shi ya sa kowa ke harin can.

Ƙanwata ta gama sakandare tana so ta bi sahuna, na ce ta fara koyon taipin da Excel tukuna, sannan ta zo ta zauna kusa da ni ranar Litinin ɗaya daga ƙarfe takwas zuwa azahar. Ta zo satin da ya wuce. Har yanzu ba ta sake min maganar ba, amma na ga fom ɗin a jakarta.