Lemo ɗaya da filin ƙwallo: darasin taurari da ya gyara mini koyarwa

Shekarar da na fara koyar da kimiyya a sakandare, akwai wata lamba da na haddace kamar karatun allo: 1,708. Wai faɗin tauraron da ake kira UY Scuti ya ninka na ranarmu sau haka. Duk ajin da na shiga sai na rubuta ta a allo, in ja mata layi biyu a ƙasa, in ce musu ga tauraro mafi girma da ɗan Adam ya sani. Yara su riƙe baki, su kwafa a littafi, ni kuma in fita ina ganin na yi aiki.

Ranar nan wata ɗaliba a layin baya ta ɗaga hannu. "Malam, don Allah, tunda ba wanda ya taɓa zuwa can, da me aka auna shi?" Na ce da na'urar hangen nesa. Ta sunkuyar da kai ta ce "to, Malam", amma na san amsar ba ta kai mata ba. Ni ma ba ta kai mini ba. A daren na koma karatu.

Ashe abu biyu ake haɗawa: yadda faɗin tauraron yake bayyana daga nan, da kuma nisansa. Na farkon an soma auna shi ne a 1920, lokacin da Albert Michelson da Francis Pease suka auna jan tauraron nan Betelgeuse daga Dutsen Wilson a Amurka. Nisan kuwa, miƙa babban yatsanka, ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ɗayan, za ka ga yatsan kamar ya matsa. Haka ake kallon tauraro yau, a sake kallonsa bayan wata shida, duniya ta koma ɗaya gefen rana, a ga iya matsawarsa. Idan ya yi nisa ƙwarai, matsawar ba ta kai ta kawo ba, kuskure kaɗan sai ya jirkita lissafin gaba ɗaya. Matsalar nisa ce ta samu UY Scuti. Kumbon Gaia da Turai ta harba a 2013 ya nuna tauraron ya fi kusa da yadda aka zata, kuma abin da ya fi kusa ba ya bukatar girma sosai kafin a gan shi haka. Sabbin ƙiyasi suka sauko da shi ƙasa da ninki 1,000. Lambar da nake ja wa layi biyu ta riga ta tsufa.

Ga kuma wani abu: waɗannan jajayen ƙattai ba su da tsayayyen baki kamar ƙwarya. Iskar da ke samansu tana sirancewa a hankali har ta ɓace, suna kumbura suna saɓewa, ga ƙura ta lulluɓe su. A ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 Betelgeuse ya dusashe har masu kallo da ido suka lura, daga baya aka gano ƙurar da ya fesar ce ta tare haskensa.

Mako na gaba ban taɓa alli ba. Na sayi lemo ɗaya a bakin ƙofar makaranta, mai faɗin kamar santimita 7, na ɗauki awon tela, na fitar da ajin filin ƙwallo. Na ce wannan lemon shi ne rana, wadda faɗinta ya kai kilomita miliyan 1.39, ya ninka na duniya sau 109. Duniyarmu fa? Na ɗora ƙwayar yashi a tafin hannun wani yaro, na sa ya yi taku har mita bakwai da rabi daga lemon. Ya tsaya yana kallon tafinsa, yana tsoron kada iska ta ɗauke ta.

Daga nan muka shiga jera taurari. Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, bai wuce ƙwallon kwakwa ba, don bai kai ninki biyu na rana ba. Kusancinsa da zafinsa ne suka ba shi haske. Wannan ya ba su mamaki fiye da komai, domin a zatonsu mai haske shi ne babba. Arcturus ya kai tsayin mutum. Aldebaran mita uku, kamar katangar aji. Da muka zo kan Betelgeuse, mai ninki wajen 700, na sa yara biyu, ɗaya a bakin raga, ɗaya a tsakiyar fili. Na ce da a ajiye shi a mazaunin rana, da ya haɗiye duniyarmu da duniyar Mas. VY Canis Majoris kuwa, mai ninki wajen 1,400, ya cinye filin daga wannan raga zuwa waccan, kuma da zai zauna inda rana take, hanyar da duniyar Jufita ke bi tana zagaya rana ma tana cikinsa. Lemon yana hannuna duk tsawon lokacin.

Wani ya tambaya ko nauyinsa ma haka yake. A'a. Betelgeuse bai wuce ninki 20 na nauyin rana ba. Tsufa ne ya kumbura shi, mafi yawan jikinsa iska ce marar kauri.

Kafin a buga ƙararrawa na tara su a inuwar darbejiya, na ce su buɗe littattafansu, su soke 1,708, domin ni na koya musu ita ba tare da na san inda ta fito ba. Ɗalibar nan ta ce, "To Malam, me za mu rubuta a madadinta?" Na ce su fara da kalmar "wajen", su bar fili a gabanta, sannan a ƙasa su zana yatsa da idanu biyu.